Saƙon da Auta Ta Ƙi Dannawa

Rana ta take tsaka, Auta na tsaye a bakin tagar asibiti da 'yarta a kafaɗa, zufa na bin bayanta har ƙugu. Ma'aikaciyar da ke ciki sai magana take yi kanta a sunkuye, ita kuwa Auta in ba ta ga leɓen mutum ba, ko ihu yake yi duk ɗaya ne a wurinta. Shekara huɗu ke nan da wani zazzaɓi ya tafi da jinta bayan haihuwa, shekara ɗaya da mutuwar mijinta, iyayenta kuwa tun tana ƙarama ƙasa ta rufe su. Ta ce, "Don Allah ki dube ni, ba na ji." Matar ta ja guntun takarda ta rubuta: Likitan ƙirji jiya ya zo. Mun kira lambar da kuka bayar, an ce za a gaya miki. Sai wata mai zuwa.

Wata mai zuwa! Yarinyar da numfashinta ke sarƙewa kamar ana shaƙe ta! Auta ta zauna a kan benci, ta rungume 'Yar Baba, hawaye na sauka a kan kitson yarinyar. Lambar da aka bayar ta Yaya Babba ce, yayar marigayi. Tun ranar da aka share makoki ta tashi a gaban dangi ta ce ita za ta riƙa amsa kiran asibiti da na makaranta, tunda uwar ba ta jin waya. Kowa ya sa mata albarka. Alhali Yaya irin mutanen nan ce da ba su yin alheri sai in da mai kallo. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tun ranar da aka haifi yarinyar idonta yake kanta.

Auta ta ciro waya ta buɗe manhajar hira. Lallai shekaranjiya Yaya ta turo mata saƙo, amma na murya. Kuma ta danna shi, don ba ta iya ganin saƙo ta ƙyale. Kunnenta na hagu akwai ɗan saura kaɗan, in ta manna wayar a ƙashin bayan kunnen takan ji wani guuu kamar mota a nesa, kullum tana sa rai ko yau za ta tsinci kalma ɗaya. Da ba ta tsinci komai ba ta ruga wurin maƙwabciya ta ji mata, sai suka tarar babu abin dannawa, sai 'yar kalma guda: an buɗe. Ta ɗauka wayar ce ta tsufa.

Kafin ta isa gida guruf ɗin hirar dangi na waya ya kama da wuta. Yaya Babba ta ɗauki hoton fuskar wayarta ta watsa, ga alamar an buɗe saƙo ɓaro-ɓaro, ta rubuta a ƙasa, "Ku gani da idonku. Na gaya mata an matso da ranar likita, ta buɗe, ta share." Ashe ta iya rubutu in ta ga dama! Daga nan sai saƙonnin murya suka yi ta zubowa, na wannan minti biyu, na wancan minti biyar, Auta na kallon 'yan layukan nan masu tashi da sauka kamar haƙoran zarto, ta san naman jikinta ake ci, ba ta san da wane baki ba. Ta rubuta, "Don girman Allah ku rubuta mini. Saƙon ɓacewa ya yi." Wata ta turo fuska mai dariya har da hawaye. Yaya ta amsa, "Saƙo ya ɓace? Aljanu ne a wayar? Idona ba ya son rubutu, kowa ya sani. Kuma wannan da kuke gani tana jin abin da take so ta ji."

Sati biyu bayan haka, Auta na kan keken ɗinki a shagon da take aiki, wani saƙon ya shigo. Hannunta ya riga hankalinta, ta danna. Guuu... ya ɓace. Ta rubuta, "Yaya lafiya? Me ya faru?" Alama ta nuna Yaya ta gani, kuma ga ta nan a kan layi, amma shiru. Ta sake rubutawa har sau shida. Ashe ranar an tashi 'yan makaranta da wuri, bututun ruwa ya fashe. Da ta je a lokacin da ta saba, maigadi ya nuna mata hanya da hannu. Sai a guruf ta ga hoton 'yarta zaune ita kaɗai a bakin ƙofar makaranta, jaka a cinya, fuska duk majina da hawaye. Yaya ta tsaya ta ɗauki hoto tukuna, sannan ta ɗauki yarinya!

Da gudu ta isa babban gida, ta zube a gaban surukinta, Baba Tsoho. Dattijo ne mai gaskiya, sai dai waya a wurinsa ta kira ce da amsawa, abin da aka nuna masa a fuskarta kuwa gani yake kamar hatimin alƙali. Ta ce, "Baba, wallahi ban san abin da ke cikin saƙon ba..." Ya dube ta sosai don ta ga bakinsa, ya ce, "'Yata, sau biyu ke nan. Jinin ɗana ke nan guda ɗaya a duniya. Ta zauna wurin gwaggonta zuwa Asabar, in kowa ya hallara sai a yanke inda za ta zauna." 'Yar Baba ta ƙanƙame zanin uwarta, aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Auta ba ta ji kukan ba, ganinsa ta yi, baki a wangame, jijiyar wuya a tashe, kuma har ta mutu ba za ta manta ba. Da ta koma guruf don ta roƙi dangi, sai ta tarar wurin rubutun ma babu shi. Yaya ce admin mai riƙe da guruf ɗin, ta kulle, ita kaɗai ke da baki.

Ranar Alhamis ta ɗinka hannun riga a wuya. Uwar Shago, mace mai jiki da faɗa da tausayi, ta ɗaga rigar sama ta ce, "Auta, wannan wa zai sa? Mai hannu a maƙogwaro?" Sai ta ga idon yarinyar ya kumbura, ta ajiye wasa, ta jawo kujera har gwiwarsu na haɗuwa. Auta ta kwashe komai ta faɗa mata. Suna cikin haka wayar ta yi motsi a kan keke. Auta ta kai hannu, Uwar Shago ta buge hannun.

"Tsaya! Kawo nan." Ta ƙura wa fuskar wayar ido, ta nuna da farce. "Kin ga wannan ɗan da'irar mai lamba ɗaya a ciki?"

"Kullum ina ganinsa. Na ɗauka saƙo ɗaya yake nufi."

"Innalillahi! Wannan ai na ji-sau-ɗaya ne, 'yar nan. Mai turawa ke zaɓarsa da gangan. Kina dannawa ya tafi, ke babu, ita babu. 'Yan matan shagon nan da shi suke zance da samarinsu don kada in kama su."

Uwar Shago ta danna ta kara a kunnenta. Auta na kallon fuskarta tana sauyawa, har ta sauke wayar a hankali kamar mai ajiye garwashi. "Me ta ce? 'Yata ce? Jikin ne?" Matar ta girgiza kai. "Babu zancen 'yarki ko ɗaya. Abin da ta faɗa kuwa ba zai bi ta bakina ba." Sannan ta dafe kai, don ta tuna shi ma wannan ya tafi. Ta ce, "Ni bare ce, in na faɗa cewa za a yi uwar ɗakinki ce ni. Wani saƙon zai zo. In ya zo, ko hannunki zai guntule kada ki taɓa shi."

Auta ta fashe da kuka mai haɗe da takaici. "Su masu ƙera abin nan, ba su san akwai irina ba ne? Abu ƙarami kamar ƙwayar ido, babu rubutu, babu gargaɗi, shi ya raba ni da 'yata? Sun iya nuna wa duniya na buɗe, ba su iya nuna ban ji ba!"

Da hantsin Juma'a saƙon ya zo. Ɗan da'ira, lamba ɗaya, daƙiƙa arba'in da bakwai. Wanda bai haifa ba ba zai gane abin da Auta ta sha a yinin nan ba. In fa wannan karon gaskiya ce? In numfashin ne ya sarƙe, suna asibiti, ana nemanta? Sau nawa yatsanta na zuwa ta janye! Ta sa wayar a akwatin zare ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa. Da abin ya ci tura ta bar ɗinki ta tafi makaranta, ta leƙa ta ramin katanga har ta hango 'Yar Baba zaune a inuwa, ba ta wasa, amma tana numfashi. Ta jingina goshinta da bulo ta ce, "Ya Allah, Kai ne Mai ji. Ni ba na ji, Ka ji mini..."

Ranar Asabar falon Baba Tsoho ya cika. Har ƙanin marigayi, Direba, wanda rabin rayuwarsa a hanya take, ya zo. Yaya Babba ta zauna kusa da uban da yarinyar a cinya, ta riƙe ta gam. Ta yi bayani mai tsawo har da share ƙwalla, sannan ta juyo da fuskarta sosai don Auta ta karanta. "Jiya ma na tura mata cewa yarinya ta tashi da zazzaɓi, ta kawo katin asibiti. Baba, ko buɗewa ba ta yi ba! Uwa ke nan?"

Auta ta rarrafa ta ajiye wayar a gaban surukinta. "Gaskiya ne, Baba, ban buɗe ba. Ga shi nan yadda ya zo. Ku ne masu kunne, ku ji."

Nan take fuskar Yaya ta sauya. Da ta ga jiya ba a buɗe ba, cewa ta yi ta samu sabon makami, bai taɓa zuwa ranta kurmar nan ta gano komai ba. Ta miƙa hannu. "Haba, maganar mata ce a ciki, kawo in..." Direba ya riga ta. Ya dubi ɗan da'irar, ya dubi yayarsa, ya ce, "Yaya, zazzaɓin yarinya ne abin ji-sau-ɗaya?" Ya ƙure ƙarar wayar, ya danna.

Dariya ce ta fara fita. Sannan muryar Yaya Babba, tas, babu mai musu: "Danna mana, kurma, danna! Kara a ƙeyarki ki ji guuu. Babu abin da zan gaya miki, yau ma kamar kullum. Gobe in ce zazzaɓi ne kika ƙi zuwa, tsohon nan kuwa duk abin da na nuna masa a waya haɗiyewa yake. Yarinya ta zama tawa..." Can a bayan muryar ana jiyo 'Yar Baba tana kiran mamanta, da tsawar da aka daka mata.

Duk falon Auta ce kaɗai ba ta ji ba. Fuskoki take bi. Ta ga wadda ta turo mata fuskar dariya ta rufe baki da mayafi, ta ga Direba ya miƙe jijiyar kansa a tashe, ta ga carbi ya suɓuce daga hannun Baba Tsoho. "Me ta ce? Don Allah wani ya gaya mini, me ta ce?" Babu wanda ya iya haɗa ido da ita.

Yaya ta fara rantse-rantse, wai wasa ne, wai haɗa muryar aka yi. Dattijon ya ɗaga hannu. "Ni ne tsohon da ke haɗiyewa ko? Sake ta." Ta sassauta hannu, yarinyar ta zame ta faɗa jikin uwarta da gudu. Dattijon ya nuna wa Yaya ƙofa. "Tashi ki bar mini gida. Kada in sake ganin ƙafarki sai ranar da wannan baiwar Allah ta ce ta yafe, in kuma ba ta ce ba, ko gawata ban yarda ki tsaya a kanta ba." Ta fita tana jan mayafi a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, babu wanda ya raka ta ko da ido. Kafin ta kai titi dangi sun fice daga guruf ɗinta ɗaya bayan ɗaya, aka bar ta tana admin a kan kanta. Direba ya ce ranar Litinin shi da kansa zai je asibiti da makaranta a sa lambar Auta, a kuma ce musu saƙon rubutu za su riƙa turowa.

Baba Tsoho ya buɗe baki zai yi magana, leɓensa na rawa har Auta ta kasa karantawa. Sai ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya ce Direba ya nuna masa inda ake taɓawa. Auta ta ga saman wayarta ya nuna: Baba yana rubutu... Ya tsaya. Ya ci gaba. Mutum na zaune taku biyu da ita, da yatsa ɗaya, yana neman harafi kamar mai tsintar allura, hawaye na bin gemunsa. An fi minti biyar kafin saƙon ya shigo, babu babban baƙi, babu aya: yata mun zalunceki ki dau yarki.

Auta ta karanta sau uku. Ta ce, "Na gode, Baba... Allah Ya ƙara girma." Ta goya 'Yar Baba duk da ta wuce goyo, ta ɗaure zani tamau. A hanya yarinyar ta kwantar da kai a bayanta tana ta zuba surutu, labarin kwana biyar, Auta na jin motsin muryar yana ratsa ƙashin bayanta. Ba ta san me ake faɗa ba, amma duk inda yarinyar ta tsaya sai ta ce, "To, sai kuma aka yi yaya?"