Lamba Ta Ɗari Uku Da Sha Biyu

Ranar da mota ta sauke kwalaye tara na sababbin littattafan ilimi a ƙofar laburare, wani saurayi mai gyaran lantarki ne ya sauko daga tsani ya taya ma'aikaciyar wurin ɗauka. Gyaran fanka ya kawo shi.

"Malama, akwai na haɗa wutar sola a ciki?"

Ta duba jerin sunayen. "Akwai. Lamba ta ɗari uku da sha biyu."

"To a ba ni aro."

"Sai an shigar da shi rajista."

Daga ranar, fankar nan ta koyi lalacewa sau biyu a mako. Ita ta sa masa Injiniya, shi yana kiran ta Mai Hatimi.

Da maganar soyayyarsu ta kai gidansu, Babanta ya murtuke.

"Ki gama digiri ki ƙare a gidan mai hawa tsani? Ga ɗan abokina a banki yana jira."

"Baba, ni na sha wahalar digirin nan. Na san inda zan kai shi."

"To. Jarrabawar shaidar sana'arsu saura wata ɗaya. Ya kawo mini takarda. In ya faɗi, kar na ƙara jin sunansa."

Littafin da zai taimake shi kuwa yana cikin kwali. Dokar Oga, shugaban laburaren, ita ce a bi jerin daki-daki: lamba, hatimi a shafi uku, kati a bangon baya. Cikin wata biyu ya yi arba'in.

"Yallaɓai, a tsallake mana, guda ɗaya tak," ta roƙe shi.

"Ko ɗana ne sai ya bi layi."

Jakarta za ta ci littafin, ba wanda zai sani. Amma ba za a ce ta yi sata don namiji ba. Ta ja kujera ta karɓi aikin. Littafin kiwon kaji, na ciwon suga, na gyaran injin ban-ruwa, duk sai da suka bi ta hannunta. Ta daina fita cin abincin rana. Tawada ta rine mata yatsu, bayanta ya riƙe, Oga kuma ya dawo mata da guda ashirin wai hatimin ya karkace. Ta zauna ta sake su.

Saƙon Injiniya ya shigo: "Mai Hatimi, kwana tara ba kya ɗaga wayata. In na bankin kika zaɓa, faɗa mini, zan iya ɗauka."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta rubuta: "Zo ka ga na bankin."

Ya zo a fusace. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kwalayen da aka kwashe, da yatsunta.

"Duk wannan don ni?"

"Don kaji," ta ce, ba ta ɗago ba. "Miƙo mini na ɗari uku da sha ɗaya, ka daina tsaya mini a ka."

Ya tafi da littafin jarrabawa saura kwana sha ɗaya. Sau uku yana dawowa tana sabunta masa aron kafin sakamako ya fito.

Baba ya juya takardar shaidar cin jarrabawar gaba da baya, ya ɗaga ta ga haske, sannan ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Turo manyanka."

Da ya kawo littafin karo na huɗu, ta murza hatimin kwanan wata ta buga. Ya leƙa: ranar ɗaurin aurensu ce.

"Ranar zan dawo da shi?"

"Ka makara ka gani," ta ce.