Tafiyar Nasira Tamale

"Wa ya ce kai za ka ja motar nan?"

Nasira ta tsaya cak a bakin lungunsu na unguwar Maamobi a birnin Ankara, kular abinci a hannu, ɗiyarta Nadia saɓe a kafaɗa. Wahab ne tsugune gaban ƙaramar bas ɗin yayanta yana duba taya. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Ina kwana, Nasira."

"Tambayarka na yi!"

"Ni na ce," yayanta Sayibu ya amsa daga saman motar, inda yake ɗaure jakunkuna. "Likita ya hana ni doguwar tuƙi saboda ciwon baya. Ko ke za ki kai mu Tamale?"



Satin da ya wuce ta ce wa Wahab ya daina zuwa wurinta. Ba don ba ta son shi ba. Tana da cikin Nadia mijinta Abass ya rasu, kuma tun daga nan ba wanda ta saurara sai wannan abokin yayan nata mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai. Magana ta fara nisa sai Iddrisu, ƙanin marigayin, ya bugo waya daga Tamale. Ya ce shi ya fi cancanta ya riƙe gidan ɗan'uwansa. In kuwa wani za ta aura, to, ta kawo musu ɗansu Rahim, mahaifiyarsu Mma Fatimata ma abin da ta ce ke nan.

Ranar Nasira ta zaɓi ɗanta.

Yanzu ga shi za ta kai yaran gaida kakarsu, kamar yadda ta saba bayan babbar Sallah, kuma mutumin da ta kora ne zai ja su.

"Kawu Wahab!" Rahim ya fito da gudu ya ɗane shi. "Ni zan zauna kusa da kai!"

"Bayana za ka zauna, ka riƙa faɗa min in na yi kuskure."

Zuera, matar Sayibu, ta shiga da jaririnta tana danne dariya. Nasira ta wuce kujerar can baya, ta manna fuska da gilashi.

Ko Achimota ba su kai ba Rahim ya fara tambayar ko sun kusa. A Nsawam masu burodi suka yanyame motar, Sayibu ya saya kamar zai buɗe shago, wai tsarabar gidajen da za su shiga. Sun wuce Nkawkaw kaɗan Nadia ta amayar da duk kokon da ta sha a jikin uwarta.

Wahab ya gangara gefen titi. Kafin Nasira ta gama kakkaɓe mayafinta ya karɓi yarinyar, ya wanke mata fuska da ruwan leda, ya saɓa ta yana bubbuga bayanta. Sauran suka shiga inuwar wata bishiya.

"Ba ni ita," in ji Nasira.

"Bari ta huta tukuna."

"Wahab, don Allah... me ya sa ka yarda ka zo?"

"Sayibu ya roƙe ni."

"Shi ke nan?"

Ya juya yana kallon manyan motocin da ke wucewa.

"Kin ce in daina zuwa gida, na daina. Ba ki ce in bar ki ki hau hanya da yara a hannun direban da ban sani ba."

"Kana ƙara min wahala."

"Na sani, Nasirata. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

Ta karɓi ɗiyarta ta koma mota ba tare da ta dube shi ba. Tana tsoron abin da zai gani a idonta.

Da la'asar suka shiga Kumasi. Suka fara da gidan kawun su Nasira a Asawase, inda aka tsare su sai da suka ci tuwo. Suka je gidan gwaggon Zuera, nan ma aka kawo shinkafa da wake, aka ce rashin ci raini ne. Yara suka sha ɗauka da tambayar ajin da suke, aka cika musu aljihu da alawa. A Aboabo suka sauka gidan Sahada, ƙawar Nasira tun suna yara a Nima, mazan suka tafi kwana wurin wani abokin Sayibu.

Suna wa yara wanka Sahada ta ce, "Shi ne wannan?"

"Shi ne. Amma maganar ta mutu."

"Ta mutu? Mutumin da tun da kuka shigo idonsa na kan takalmin ɗanki kada ya ɓata? Ke, kin ji sharaɗin nan daga bakin kakar yaran da kanta?"

"Iddrisu ya ce..."

"Iddrisu ya ce! Ni tsohuwar na tambaye ki."

Nasira ta ci gaba da cuɗa bayan Rahim. Gaskiya ba ta ji ba. Mma Fatimata ba ta riƙe waya, duk saƙonta ta hannun Iddrisu yake biyowa.

Washegari hanyar ta yi tsawo. Bayan Kintampo dogayen itatuwa suka ragu, rana ta buɗe. Jaririn Zuera ya yi kuka har ya gaji, Rahim da Nadia suka yi faɗa a kan kujerar taga, Sayibu ya yi barci baki buɗe. Wahab ya koya wa yaran ƙirga jajayen motoci, aka samu lafiya. A gadar Buipe ya rage gudu don su ga ruwa da masu kwalekwale.

Sau ɗaya idonsu ya haɗu a madubi.

Ita ta fara kawar da kai.

A Tamale, Mma Fatimata na zaune a tabarma tana tsince gyaɗa suka yi sallama. Ta ture tiren, ta buɗe hannu.

"Amaraba! Amaraba da mutanen Ankara!"

Ta rungume Rahim tana shafa kansa, tana cewa ga goshin Abass nan sak. Nasira ta durƙusa ta gaishe ta. Iddrisu ya fito daga ɗakinsa, ya ba Sayibu hannu, ya bi Wahab da kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

"Abokina ne, shi ya ja mu," in ji Sayibu.

Da an tsaya nan da shi ke nan. Sai wani rago da ke ɗaure a gindin bishiya ya yi kuka yana fizgar igiya. Nadia ta firgita. Ta wuce uwarta, ta wuce kawunta, ta je ta ƙanƙame ƙafar Wahab.

"Baba! Baba, ɗauke ni!"

Kowa a tsakar gidan ya juyo.

Nasira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba wanda ya koya wa yarinyar. Ba ta taɓa ganin ubanta ba, ta ji dai yaran lungu na kiran mazan gidajensu haka.

"Kin ji ko, Mma?" Iddrisu ya ɗaga murya. "Abin da nake faɗa miki ke nan! Har cikin gidan Abass ta kawo shi! Jikokinki na kiran wani uba! Wallahi Rahim ba zai koma Ankara ba, na riga na yi masa maganar makaranta a nan."

Rahim ya matso ya riƙe zanin uwarsa.

"Mma, ki saurare ni," Nasira ta ce. "Ya nemi aurena, gaskiya ne. Kuma ina son shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da aka ce min kin ce in na yi aure in kawo Rahim, na sallame shi. Na haƙura, Mma! Kada ki raba ni da ɗana..."

Tsohuwar ta ɗago kai a hankali.

"Wa ya ce na ce?"

 Iddrisu ya shiga gyara hularsa.

"Ni ka ce min ta yi aure a ɓoye, tana shirin canza wa yara suna," Mma Fatimata ta ce da ɗanta. "Ita kuma ka ce mata ni na ce a ƙwace yaro. Iddrisu, bakina kake ara kana yawo da shi?"

"Mma, jinin gidan nan nake karewa."

"Sau nawa kake zuwa Ankara sarin kaya? Ka taɓa shiga Maamobi ka ga abin da jinin ya ci?"



Ta juya wurin Wahab, wanda har yanzu yake tsaye da Nadia a kafaɗa.

"Kai, matso. Me kake so da 'yata?"

Wahab ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da tabarmar.

"Aure, Mma. Amma ba a kan hawayen yaro ba. In aurena zai sa a raba Rahim da uwarsa, na janye, kuma gobe ni zan mayar da su gida lafiya. Ubansu Abass ne, sunansa za su ci gaba da amsawa. Ni dai ina so in riƙe su."

Tsohuwar ta dube shi. Sannan ta ja tiren gyaɗarta ta ci gaba da tsinta.

"Ku je ku ci abinci. Ba na yanke magana da baƙo yana jin yunwa."

Kwanakin da suka biyo baya ba ta sake tayar da zancen ba. Suka zaga dangin Abass, suka je Savelugu gaida ƙanwarta, ko'ina Wahab ne ke tuƙi, tsohuwar na gaba tana nuna hanya tana yi masa tambayoyi. Su wane ne iyayensa? Me ya hana shi aure har yanzu? Yana da ciwon da yake ɓoyewa? Nasira na baya tana jin komai. Iddrisu kuwa sai ya tsiri fita tun da safe.

Ranar komawa, suna loda doya da man kaɗanya, Mma Fatimata ta fito da mayafinta na unguwa da ƙullin kaya a hannu.

"A matsa min."

"Ina za ki, Mma?" Nasira ta tambaya.

"Ankara. Uwarki ta rasu, wa zai zaunar da ke a sa miki lalle? Zuera da goyo?" Ta miƙa wa Wahab ƙullin. "Kai kuma ka ji sharaɗina. Duk dogon hutu ka kawo min su da kanka. Har wanda za ta haifa maka, ban ware ba."

Nasira ta durƙusa a wurin, ta kifa kai a gwiwar tsohuwar, ta fashe da kuka.

"Tashi, tashi, rana na yi. Na yi kukan Abass, ke ma kin yi. Ya isa."

Wahab ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ya yi ƙasa da murya.

"Yanzu an yarda in zo gida, masoyiyata?"

"Ka tambayi Mma," ta ce tana share ido, dariya na ƙwace mata.

Kafin watan ya ƙare aka ɗaura aure a masallacin tsohuwar unguwarsu a Nima. Sayibu ne ya ba da ita. Iddrisu bai zo ba, ya dai aiko da zabi.

Da yamma mata suka rako amarya gidan Wahab a Kawukudi da guɗa. A bakin ƙofa Mma Fatimata ta tsayar da kowa. Ta kamo hannun Nasira da ya sha lalle, ta sa a cikin na Wahab, ta haɗa ta riƙe da nata biyun.

"Ɗana na ba ta da farko, Allah ya karɓi abinsa," ta ce. "Kai ne na biyu. Ka daɗe."