Tankin Kamfani a Bakin Rijiyar Fatake

Kananzir kwalba ɗaya A'i ta ce wa mijinta ya sayo mata. Abin da ya fitar da Cindo daga gida ke nan ranar, da la'asar sakaliya, a bazarar da ta biyo bayan babban fari.

Cindo mai yasar rijiya ne, ɗan mai yasar rijiya. Daga Gumel zuwa Ɗanzomo babu rijiyar da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasanta ba. Ya rataya kwalbar a ɗan yatsa, ya nufi gidan man Kamfani da ke bayan gari, kan hanyar Maigatari.

Kamfanin nan ba baƙo ba ne. Tun zamanin Turawa ya fara da kananzir a garwa, jirgin ƙasa ya sauke a Gagarawa Tasha, jakuna su kwasa. Garwar ma ta fi abin cikinta amfani. Daga garwa ya koma duro, daga duro ya kafa famfon da ake juyawa da hannu. Wai yana da jiragen ruwa da suka fi kasuwar shanu faɗi. Wai can kudu yana haƙa rijiyoyi a tsakiyar teku, yana ƙona iskar gas dare da rana ba a dafa ko ƙwai a kai. Da gwamnati ta karɓi rabonta sai ya sake fenti, ya zaunar da namu a kujerun Turawa. Fentin ne kawai ya canja. Hali zanen dutse.

Kamfanin da ke haƙa rijiya a teku, shi ne ya zo nan ya kasa gane rijiya a ƙarƙashin ƙafarsa. Inda suka binne tankin fetur ɗinsu, nan Rijiyar Fatake take, wadda ta rufta tun Cindo yana saurayi. Ranar da suke haƙar ramin ya je ya gaya musu. Wani mai gajeren wando ya buɗe takarda, ya duba, ya ce babu rijiya a taswira. To, tunda takarda ta ce babu.

Cindo ya iske gidan man a hargitse. Durarruka jere, murfin tanki a buɗe, Dogo maigadi yana tsaye da bokiti kamar wanda aka aika bai san inda za shi ba. Ubale manaja, mai farar riga da biro uku a aljihu, yana ganinsa ya taso.

"Baba Cindo! Allah ne ya kawo ka."

"Kananzir ne ya kawo ni, Manaja. Kwalba ɗaya."

Ubale ya zayyana masa. Duk motar da ta sha mai ranar Alhamis ta mace a hanya, domin ruwa ya shiga tanki. Sun zuƙe fetur ɗin zuwa durarruka, saura laka da ruwan da ke ƙasa. Gobe da safe insifeto zai zo daga Kano. Sai an sami wanda zai sauka ya kwashe.

Cindo ya dubi rana. Ta zauna a kan kukokin yamma.

"Ba a shiga ƙasa bayan la'asar."

"Wannan ba ƙasa ba ce, Baba, ƙarfe ne. Daga Turai aka kawo shi."

"A cikin me kuka binne shi?"

Ubale ya yi tsaki, ya juya. "Dogo, jeka kira mini Ɗantala. Dama an ce Baba ya tsufa, ni ne ban yarda ba."

Ɗantalan nan, Cindo ne ya koya masa ɗaurin igiya. Da mace aka yi wa wannan maganar, da ta karɓi kananzir ɗinta ta yi gida. Amma namiji ne. Ya ajiye kwalba, ya tuɓe riga.

"Kawo mini fitila."

Saura kaɗan biro ukun su zube. Ubale ya nuna wani allo a jikin bango. "Ka ga abin da aka rubuta can?"

"Na ga ja."

"Ba a kunna wuta! Ko ashana. Tururin fetur ne maƙil a ciki. Tartsatsi ɗaya, sai a je Damagaram a tsinto kanka."

Nan kam ya faɗi gaskiya, ita ce kuma kaɗai gaskiyarsa a ranar. Sai dai mai rijiya ba ya sauka sai ya fara zura fitila a igiya. In ta mutu, iskar ƙasa ba kyau. In harshenta ya kwanta gefe alhali ba iska, masu wurin suna nan, sai a yi musu sallama a jira su matsa. Fitilar ita ce neman iso. Haladu, uban Cindo, bai taɓa tsallake wannan ba har ya koma ga Allah.

"To tocila fa?"

"Tocilar Kamfani tana Kano, an kai gyara."

Ka ji masu jiragen ruwa.

Cindo ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin ƙarfen famfo, ya damƙa wa Dogo tsakiyarta. "In na ja sau uku, ka jawo ni. Ko uwarka ce ta kira ka, kar ka saki."

Ya yi bisimilla. Ya zura ƙafa.

Wuyan tankin matsattse ne, ƙarfen da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ya sauka gaba biyu, ƙafarsa ta taɓa ruwa. Sanyi ƙalau, iya idon sawu. Warin ya buge shi a tsakiyar ka. Idanunsa suka kawo ruwa, harshensa ya yi ɗaci. A sama, bakin tankin ya zama ɗan faifai ja.

Ya cika bokiti, Dogo ya ja. Ya cika na biyu. Kowane motsi ƙarfen sai ya amsa masa, gum, gum.

Laka ta fi taruwa can ƙurya. Ubale ya ce tsawon tankin taku goma ne. Cindo ya bi bango da hannu yana ƙirgawa.

Takwas. Tara. Goma.

Babu bango.

Sha ɗaya. Sha biyu. Ƙarfe ya daina amsawa. Ƙarƙashin tafin ƙafarsa yashi ne, laushi, irin na gindin tsohuwar rijiya. Ta cikin warin fetur wani ƙamshi ya ratso: jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsamiya, tsohuwar toka.

Ya tsaya cak.

Wani ya yi tari.

Tarin tsufa ne, mai ƙarar ƙirji. Daga bayansa wani ya amsa. Sai wani. Sai wani can nesa, ƙasa, inda bai kamata a ce akwai wuri ba.

"Wa ke nan?" Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa. "Wa ya shigo mana ba iso?"

Da ƙyar Cindo ya haɗa sallama.

"Wa alaikumus salam. A'a! Ɗan Haladu ne. Na gane tafiyar. Sannu da zuwa, ɗan nan. Ina fitilarka?"

"An hana ni, Inna."

"Ubanka bai taɓa shigo mana cikin duhu ba." Ta yi tari mai tsawo. "Ka ga yadda aka yi da mu. Shekara shida an kifa mana tukunyar ƙarfe, muna shaƙar wannan abu. Sai da muka ɗebo ruwa muna wanke ɗaki. Zauna, zauna. Bari in kunna maka."

Ya ji ana laluben jakar fata.

Ya san wannan ƙarar. Kakarsa tana da irin jakar. Ƙarfe, ƙanƙara, ɗan ƙullin auduga.

Ƙyastu.

"Inna, kar ki kunna."

"Baƙo a duhu? Me za a ce da ni?"

"Don girman Allah, Inna. Ina gani sarai."

"Ƙarya kake, kunya ce irin ta ubanka."

Ƙyas.

Ɗan haske ya gilma. Ya gan ta can, taku biyar, a zaune, ƙanƙanuwa, kanta fari fat. Bayanta mutane jere a tsugune, sahu bayan sahu, har inda ido ya ƙare. Idanunsu jajur. Tsagar idon a tsaye take.

Duhu ya dawo.

Ya ja igiya sau uku.

Shiru.

Ya sake ja. Igiyar ta biyo shi laƙwas. Can sama ya jiyo rurin babbar mota, da muryar Ubale yana cewa a mirgino duro, direba yana sauri.

Dogo ya saki.

"Audugar ce ta jiƙe," in ji tsohuwar. "Yanzu za ta kama."

Cindo ya juya. Ya bi igiya da hannu bibbiyu, yana naɗewa, yana gudu cikin ruwa. Yashi. Yashi. Kansa yana juyawa.

Ƙyas.

Tana gefensa. Ba ta tashi ba, a zaune take yadda take, amma tana gefensa. Yatsunta sun fi ludayi tsawo.

"Ina za ka? Ko ruwa ba ka sha ba."

Gum. Ƙarfe.

Faifan sama ya koma toka-toka. Ya tattara igiyar har ta miƙe, ta tsaya a ƙarfen famfo. Ya kama. Tafinsa duk santsin mai. Ya zame. Ya naɗa ta a hannu, ya ɗaga jikinsa.

Ya hau gaba guda.

Daga gari aka ɗauki kiran magariba, siriri.

Ƙyas.

"Yauwa," ta ce.

Ya ji tana hurawa. Fuu. Fuu. A hankali, irin na macen da ta iya wuta.

Kafaɗarsa ta shiga wuyan tanki. Ta maƙale. Ya fitar da numfashi duka, ya murɗa, fata ta saɓule. Hannunsa ya kama leɓen ƙarfe.

Fuu.

"Ga ta nan, ɗan Haladu. Juyo ka gan mu."

Bai juya ba.

Ƙasa ta yi numfashi guda. Wani abu mai zafi ya ɗauke shi daga ƙafa, ya tofar da shi waje kamar ƙwallon goruba. Ya faɗi a yashi, wandonsa yana ci. Harshen wuta ya fito daga bakin tankin, ya miƙe ya fi giginya, shuɗi, ba hayaƙi. Ya tsaya jim. Ya koma ciki.

Dogo ne ya kashe wutar wandonsa da yashi, yana kuka yana salati. Direba ya bar motarsa a kunne ya shiga gona. Manaja kuwa sai bayan isha aka same shi a masallacin tasha, takalmi ƙafa ɗaya.

A kan jaki aka kai Cindo gida. A'i ta duba shi sama da ƙasa, ta ga da ransa, sannan ta gaya masa abin da ya dace da shi, maƙwabta suna ji. Wata biyu tana ba shi tuwo a baki, don hannayensa ma sun ƙone.

Insifeto ya zo, ya leƙa rami, ya rubuta. Bayan sati uku aka kawo takarda har zaure, aka karanta wa Cindo: wai wani baƙauye ya shiga tankin Kamfani da taba a baki. Mutumin da ko goro ba ya ci. Aka ce ya dangwala. Ya miƙa babban yatsa, aka shafa tawada, aka danna. Ba zane ko ɗaya, wuta ta share. Aka sake, aka sake. Baƙin tabo kawai, sumul. Mai takardar ya duba, ya ce hakan ma ya isa.

Cindo bai ƙara sauka ƙasa ba. Ɗantala ya gaji rijiyoyinsa.

Kafin damina Kamfani ya kawo sabon tanki a kan doguwar mota, ya fi na da girma. A ramin nan dai suka binne shi, don an riga an haƙa. Dogo ya ajiye aiki ya koma garinsu. Wanda ya maye shi mutumin nesa ne, ba wanda ya gaya masa komai. Shi ne yake tambayar mutane a kasuwa, wai me ya sa in ya zura sandar awon mai cikin tanki da yamma, wani lokaci sai ya ji an riƙe bakinta daga ƙasa, a hankali, ana yi masa sannu da zuwa.