Ƙaramin Gidan Bayan Coci

Ranar da Tamsin Jewell ta fara ganin Crispin, cikin taɓo ta same shi har gwiwa, yana riƙe da tunkiyar da haihuwa ta gagara. Likitar dabbobi ce, sabuwar zuwa wannan yanki na Cornwall a ƙasar Ingila. Da ta ga rigar sanyinsa duk faci, sai ta ɗauka makiyayi ne, ta daka masa tsawa ya riƙe ƙafar da kyau. Ya riƙe yadda ta ce.

Sai da ɗan ragon ya faɗo ta ji manajan gona ya ce masa ranka ya daɗe. Ashe Lord Carnmellyn ne, wanda ya gaji sarautar gidan da gonakinsa bara, bayan rasuwar mahaifinsa. Haka masu tsohuwar sarautar ƙasar nan suke, sai ka rantse ba su da kuɗin sabuwar riga.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Likita, makiyayinki na gaisuwa. Ɗan ragon ya miƙe. Ni ne dai har yanzu ban warware daga tsawar ba."

Tun daga nan tumakin Carnmellyn suka shiga yawan ciwon da ba a gani, Crispin na ta kiran likita. Kafin shekara ta zagayo, shaƙuwa ta yi nisa, har ya kai ta shan shayi wajen mahaifiyarsa.

Lady Honoria ta karɓe ta da ladabin da ya fi zagi ciwo. Ta tambayi sana'ar mahaifinta, Tamsin ta ce gyaran jiragen masunta yake. Lady Honoria ta ce madalla, ta koma zancen ruwan sama. Bayan tafiyarta ta gaya wa ɗanta cewa ba da yawunta ba, ta kuma shiga gayyato Araminta, 'yar wani basarake da ke zaune a Landan, duk ƙarshen mako. Rannan Tamsin ta ga hoton Crispin da Araminta a jarida wajen sukuwa. Ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta rubuta masa:

"Crispin, na gane. Gidanku ba na irina ba ne. Kada ka ɓata da mahaifiyarka saboda ni."

Ya amsa nan take: "Tamsin ɗina, in ba ke ba, sarautar nan a kaina za ta ƙare. Don Allah ki ɗaga waya."

Ba ta ɗaga ba, har mako uku.

Tsohon karen Lady Honoria ne ya mayar da ita gidan, don ya daina cin abinci kuma babu wani likita kusa. Tana gama yi masa allura ta miƙe, ta ga ba ta da sauran abin da za ta rasa.

"Ranki ya daɗe, talaucin gidanmu ne laifina?"

Dattijuwar ta ja ta bakin taga, ta nuna mata wani ƙaramin gidan dutse a bayan coci, tagoginsa a rufe. Kowa a yankin ya san al'adar: ranar da magaji ya yi aure, uwarsa ke kwashe kayanta ta koma can, ta bar wa amarya babban gida. Tamsin ce kaɗai ba ta sani ba.

Lady Honoria ta ce Araminta ba ta iya kwana uku a ƙauye, da ita aka aura ba mai tayar da kowa. Amma Tamsin zama za ta yi, ta gani a idonta tun ranar shayi.

"Ina da shekara ashirin da uku surukata ta fita ta bar mini gidan nan. A makon na sauya labulenta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can, tafiyar minti biyar, ban taɓa taka ƙofarta ba sai ranar da aka fito da gawarta." Ta juyo ta dubi Tamsin. "Ba ke nake tsoro ba, yarinya. Abin da na yi nake tsoro."

Tausayi ya kama Tamsin har ta manta da fushinta. Ta roƙe ta ta yi zamanta a ɗakinta, ai gida mai ɗaki arba'in ba ya rasa wurin mace biyu. Lady Honoria ta girgiza kai, ta ce ita da ta ci moriyar al'ada tana amarya, ba za ta karya ta ba don ta zo kanta.

A mota Tamsin ta rubuta: "Makiyayina, ka zo. Akwai gidan da za mu share kafin biki."

Wata biyu suka yi suna gyaran rufi da fenti, su biyu da ma'aikatan gona.

A watan Yuni aka ɗaura auren a cocin gidan, masunta a gefe ɗaya, masu sarauta a ɗaya gefen. Da aka tashi daga walima, Lady Honoria ta ɗauki jakarta, ta zame ta ƙofar baya ita da karenta don kada a ga fitarta. Ba ta yi nisa ba ta ji taku. Amarya ce, ta tattare farar rigarta a hannu, ango na biye da ita.

"Mama, ba ke kaɗai za ki shiga ba," in ji Tamsin. "Kuma gobe da ƙarfe huɗu ki ɗora ruwan shayi."

A bakin ƙofa dattijuwar ta haɗa hannayensu cikin nata, hawaye na zuba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ke kuma 'yata, ranar da taki fitar ta zo, Allah ya ba ki surukar da za ta rako ki."