Tsintuwa, Kazar Kasuwar Ajingi

A garin Gaya akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a firamare. Yarinyar nan akwai tausayi. Ko ƙadangare ta ga yara suna jifa, sai ta shiga tsakani. Amma fa tana da kunnen ƙashi. In an ce mata ga hanya, sai ta ce ita ma ta san wata.

Ran nan Babanta ya ɗauke ta a babur zuwa kasuwar Ajingi, zai sayo irin gyaɗa. A layin 'yan kaji ta ga wata kaza yashe a ƙasa. Idonta ya kumbura ya rufe. Gashin wuyanta duk ya zube.

Ta ce wa mai kajin, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Wannan ai ta gama yawo. Mura ce ta kama ta. In kina so, ɗauki kyauta."

Baba ya ce, "Ke kuwa me za ki yi da mushe?"

Ta ce, "Baba, tana numfashi fa."

Baba ya girgiza kai, ya ƙyale ta. Ta naɗe kazar a ɗankwalinta, ta rungume ta har gida. Tun a hanya ta sa mata suna Tsintuwa.

Innarta tana da kaji a akurki. Akwai jan zakara mai tashin gida da asuba. Akwai kuma wata farar kaza da Inna take ji da ita, don ta fi kowacce ƙwai.

Inna ta duba Tsintuwa, ta ce, "Ba a haɗa baƙuwar kaza da 'yan gida, balle mara lafiya. Kai ta bayan rumbu, ki kife ta da kwando. Kaskon ruwanta daban, tsabarta daban, sai ta warke sarai. Kin ji ko?"

Ta ce, "Na ji, Inna."

Ta ji ɗin kuwa, amma da kunne ɗaya.

Washegari Inna ta tafi gidan suna. Yarinyar ta dawo daga makaranta, ta leƙa kwando. Ga Tsintuwa ta takure ita kaɗai. Ga sauran kaji can suna ta tone-tone abinsu. Tausayi ya kama ta.

Ta ce a ranta, "Kaɗaici ne yake damun ta. Wa zai warke shi kaɗai a kwando?"

Sai ta ɗage kwandon, ta kai Tsintuwa cikin kaji. Ta ba ta ruwa a kaskonsu. Kafin Inna ta dawo, ta mayar da ita. Ita a nata ganin ta yi wayo.

Ba a daɗe ba, kajin suka fara atishawa. Idanunsu suka kumbura. Jan zakara ya daina cara. Wata safiya aka tarar farar kaza ta mutu a bakin akurki.

Inna ta ɗauke ta, ta zauna tana kallon ta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta zargi kowa ba. Rashin faɗan nan ya fi bulala zafi a wurin yarinyar.

Baba ya fito da wuƙa, ya ce, "Gara in kawar da su duka, tun ba su shafa wa kajin maƙwabta ba. Da baƙuwar nan zan fara."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, ba laifin Tsintuwa ba ne. Ni ce na kai ta cikinsu. Ni ce na ba ta ruwa a kaskonsu."

Inna ta ce, "Ashe haka aka yi? To, kin gani. Wake ɗaya ke ɓata gari."

Yarinyar ta durƙusa, ta ce, "Ku yi haƙuri. Baba, don Allah kar ka yanka su. Bari in yi jinyarsu."

Baba ya ce, "Sabo da kaza ba ya hana yanka, 'yar nan. Amma tunda kin faɗi gaskiya, na ba ki zuwa ranar kasuwa mai zuwa. In ba su tashi ba, ga wuƙa."

A makaranta ta kasa karatu. Malama Barira, mai koyar da su aikin gona, ta lura, ta tambaye ta. Yarinyar ta kwashe labari duka ta faɗa mata.

Malama ta ce, "Share hawayenki. Kuka ba ya warkar da kaza. Kar ki ba su ragowar maganin mutane. Ki ce wa Babanki ya kai ki wurin malamin dabbobi."

Wannan karon ta ji da kunnuwa biyu. Da la'asar Baba ya kai ta. Malamin dabbobi ya duba Tsintuwa, ya ba su garin magani na zubawa a ruwan sha. Ya ce a binne wadda ta mutu, a ware marasa lafiya, a riƙa wanke kasko kullum.

Yarinyar ta ɗaura ɗamara. Ta share akurki tas, ta barbaɗa toka. Ta ari kwanduna, ta kife marasa lafiya nesa da sauran. Safe da yamma tana goge musu ido da ruwan ɗumi. In ta gama, ta wanke hannu da sabulu. Tsintuwa ta ƙi cin komai, sai yarinyar ta riƙa jiƙa dusa tana sa mata a baki kaɗan-kaɗan.

Ƙawayenta suka zo kiran ta 'yar carafke. Ta ce, "Ku je, ina da majinyata." Suka yi ta dariya, suna ce mata likitar kaji. Ko a jikinta.

Ranar kasuwa ta zo. Baba ya fito tsakar gida da wuƙa a hannu. Yarinyar ta bi bayansa. Ya nufi kwandon farko, ya ɗage.

Jan zakara ya fito, ya karkaɗe fukafukai, ya miƙe wuya. Sai ya yi cara! Muryar a dishe take, amma cara ce.

Yarinyar ta ruga bayan rumbu, ta ɗage kwando. Tsintuwa ta fito da idanu biyu a buɗe, ta hau tsattsagar tsaba kamar za ta haɗa da kaskon.

Yarinyar ta yi tsalle, ta ce, "Inna! Baba! Sun tashi!"

Baba ya yi dariya, ya ce, "To, yau wuƙa ta huta. Sannu da aiki, likitar kaji."

Da suka murmure, aka yi wa kajin duka rigakafi. Tsintuwa ta yi gashi, ta yi ƙiba, ta fara ƙwai. Ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe. A cikin 'yan tsakin akwai guda fara fat.

Yarinyar ta ɗauko ta a tafin hannu, ta kai wa Inna. Ta ce, "Inna, ga madadin farar kazarki."

Inna ta karɓa, idonta ya ciko da ƙwalla. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Me kika koya?"

Ta ce, "Tausayi abu ne mai kyau, amma sai an haɗa shi da jin maganar manya. Kuma rigakafi ya fi magani."

Tun daga ranar, duk baƙuwar kazar da ta shigo gidan, ita ce take fara ɗauko kwando.