Injin da Bai Fi Gorar Ruwa Nauyi Ba

Abubuwa da yawa sun canza cikin shekara huɗun da Auta ya yi yana gyaran inji a jirgin ruwan dakon kaya. An sare bishiyar ƙofar gida, an kafa shagon cajin waya a gurbinta. Umma, mahaifiyarsa, ta fara sallah a zaune. Yayarsa ta dawo gida da akwatuna uku, bakinta kuma ya ƙara kaifi. Duk waɗannan an ba shi labari a waya. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne abin da ya tarar a nasa sashen. An naɗe kowane hannun ƙofa da baƙar robar tayar keke. Cokula sun yi ƙiba, su ma an naɗe mariƙinsu. Tukwane sun sauko daga saman kanta sun jeru daidai ƙugu. Kowane ɗaki da 'yar kujerarsa a lungu. A gefen babban kafet na falo kuwa an ɗinka zare kala bakwai, kowanne taku guda tsakaninsa da ɗan'uwansa.

"Amarya, wannan kuma wane irin ado ne?"

Watansu biyar da aure ya tafi, shi ya sa har yau sunan bai bar ta ba. Ta yi murmushi, hannuwanta cikin mayafi.

"Yayi ne, Injiniya. Ka daɗe a ruwa, an wuce ka."

Ya yi dariya, ya juya ga ƙaton kwalin da sai da mutum biyu suka shigo da shi. Ya tsaga shi da makulli.

"Sapraiz!"

Injin shara ne mai zuƙe ƙura, ja jawur, cikinsa kamar ƙaramin duro, ga tiyo mai kauri, ga waya doguwa da za ta zagaye gidan. Shi ne mafi girma a shagon, irin wanda ake share otal da shi, abin da ya sa Auta ya zaɓe shi ke nan. Yaya ta leƙo ta tafa hannu.

"To Gimbiya, ga bawa an kawo miki! Sai mu ji uzurin gobe kuma."

Amarya ta dubi injin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Na gode, Injiniya. Allah ya ƙara buɗi."

Da la'asar Umma ta kira shi ɗakinta. Tana kan darduma, butarta a gefe, Yaya na zaune a bakin gado.

"Auta, shekara huɗu ina haƙuri. Yarinyar nan ba ta fitowa gaisuwa sai rana ta take. Ta zo ta gaishe ni, hannu a ɓoye kamar mai ƙyamar mutane. Ni kam rabona da taka sashenku na fi shekara biyu, amma yayarka tana shiga, ta ce kafet ɗin nan kullum rabinsa ƙura. Hutunka sati uku ne. Kafin ka koma ruwa ka mayar da ita gidansu."

Auta ya ce, "Umma, ta ce min ɗan sanyin ƙashi ne yake..."

"Sanyin ƙashi!" Yaya ta katse shi. "Wa ba shi da shi? Lalaci ne kawai da son jiki. Ga inji nan ka kawo, in ta share falon nan gobe ka ce min maƙaryaciya!"

"Dubi yayarka," Umma ta ɗaga butar, mariƙinta naɗe da baƙar roba. "Ba ta da komai, amma har butata ta gyara min don kada ta riƙa suɓuce min. Wannan shi ne tausayi."

Yaya ta kawar da kai tana gyara ɗankwali. Auta bai lura ba, hankalinsa ya tafi wani wuri. Ba su kuma san Amarya na bakin ƙofa da farantin shayi ba, ta ji komai.

Washegari ya fita tun da hantsi. Shi dama ba ya iya zama awa biyu wuri guda, tun yana yaro Umma ke cewa kamar an zuba masa garwashi a takalmi. Ya zagaya abokai, ya sha hira, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Ya tura ƙofa ya tsaya cak.

Kafet ya yi fes daga bango zuwa bango. Jan injin na tsakiyar falo, wayarsa a miƙe. Amarya kuma tana ƙasa jikin bango kusa da soket, hawaye na bin kumatunta, mayafin ya zame. A karon farko ya ga hannuwanta da kyau: wuyan hannun ya kumbura suntum, yatsun sun lanƙwashe gefe guda.

"Na gama, Injiniya," ta ce da ƙyar. "Fulogin ne kawai na kasa cirewa. Sori."

"Innalillahi! Amarya, me kika yi wa kanki?"

A asibiti likitar ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ne mijin? Sannu da zuwa. Shekara uku tana zuwa wurina ita kaɗai." Ta yi masa bayani a hankali: amosanin gaɓoɓi ne, garkuwar jikinta ce ke yaƙar gaɓoɓinta. Ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani da hutu. Kowace safiya yatsunta kan sandare kusan awa biyu kafin su saki. "To wane mai hankalin ne ya ba ta abu mai kilo goma ta ja yini guda?"

Auta ya sunkuyar da kai. A mota ya kasa daurewa.

"Me ya sa kika ɓoye min? Kullum muna bidiyo kol!"

"Kana tsakiyar teku tsakanin injina masu cin hannu. In na raba maka hankali ka ji rauni fa? Na taɓa faɗa a gida sau ɗaya, Yaya ta ce ciwon 'yan gayu ne. Sai na yi shiru na ci gaba da abin da zan iya."

Kwana uku tana kwance, kwana uku Auta bai leƙa ƙofar gida ba, abin da bai taɓa faruwa ba. A rana ta ukun ya zauna a ƙasa ya taɓa jan zaren gefen kafet.

"Gaya min gaskiyar wannan yayin."

Ta yi 'yar dariya. "Kafet ɗin ya fi ƙarfina a rana ɗaya, sai na raba shi bakwai. Ja Asabar, kore Lahadi, haka har Juma'a. Ina zama kan kujerar can, in ɗaura buroshi a wuyan hannu, in share layi ɗaya. Kafin in kai ƙarshe, na farkon ya sake yin ƙura, shi Yaya take gani. Robar ƙofa kuma don in danna da gefen hannu ne, ba sai na damƙa ba." Ta nuna gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kan tebur. "Waccan ce ma'aunina. Duk abin da ya fi ta nauyi, in na riƙe shi minti biyar, gobe sai gado."

Auta ya tashi ya zagaya gidan kamar baƙo. Ya taɓa kowane hannun ƙofa, ya ɗaga cokali, ya auna tsawon kanta da ƙugunsa. Ya zauna a manyan ɗakunan inji, ya yi aiki da turawa da 'yan ƙasashe goma, bai taɓa ganin tsari mai tsafta kamar wannan ba: ba abu ɗaya da aka ajiye a banza, kowane taku an lissafa shi da zafin da zai jawo. 

"Ni ake kira Injiniya," ya ce a hankali, "ashe injiniyar tana gida."

Hannunsa na kan robar ƙofar kicin lokacin da butar Umma ta faɗo masa a rai. Naɗi iri ɗaya, ƙulli iri ɗaya a ƙasa. 

Da safe ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Umma, alfarma ɗaya. Za mu je sayen wani injin, ki raka mu, ke da Yaya. In mun dawo sai ki sake faɗa min hukuncinki."

"Wani injin kuma? Na farkon bai isa ba?" in ji Yaya. Amma son ganin ƙwaƙwaf bai bar ta ta zauna ba.

Mai shagon kayan lantarki ya tare su da fara'a, ya nufi wani ƙato kai tsaye. "Oga, ga mai ƙarfi nan, har yashi yana..."

"Malam, yau ba ni ne oga ba. Ga ta nan."

Amarya ta fito da gorar ruwanta daga jaka. Mai shago ya dubi Auta, Auta ya ɗaga kafaɗa. Ta ɗaga gorar, ta ajiye, ta ɗaga inji na farko. "Ya fi ta." Na biyun ba nauyi, amma sai an matse kunamarsa da yatsa duk tsawon sharar. "Yatsana ba zai kai minti ɗaya ba." Na ukun mai waya ne. "Sunkuyo, fulogi, naɗe waya. A'a." Na huɗun ya yi kyau, har Auta ya fara murna, sai ta ce a nuna mata yadda ake zubar da ƙurar. Ashe sai an murɗa murfi da ƙarfi. Ta girgiza kai.

"Hajiya, shekarata goma sha biyu a shagon nan, ba wanda ya taɓa tambayata murfi!" Mai shago ya shiga ciki, ya fito da wani siriri kamar sanda, mai caji. Nauyinsa duk yana ƙasa wajen tayoyi, ba a hannu ba. Ta sake shi, ya tsaya da kansa. Ta danna maɓallin da gefen hannu, ya kama. Ta tura shi da tafin hannu a buɗe, ya tafi sumul. Kwandon ƙurar kuwa da turawa ɗaya ya buɗe.

"Shi ne," ta ce, idonta na sheƙi. "Mariƙin ne kawai yake da santsi."

Ta zaro guntun baƙar roba daga jaka, ta kama bakinsa da haƙori, ta fara naɗawa a hankali, tana cije leɓe, har ta ƙulle a ƙasa. Umma ta matso. Ta kama mariƙin, ta shafa ƙullin da babban yatsa.

"Wannan ƙullin... irin na butata ne." Ta juya ga Yaya. "Ke! Ba ke kika naɗe min buta ba?"

Yaya ta ce, "Ni fa ban taɓa cewa ni ce ba, Umma. Ke kika ɗauka."

"Na ga kina sauya hannu ne in za ki ɗaga ta," Amarya ta ce, kanta a ƙasa. "Na san irin zafin. Da kika tafi asibitin ido sai na ɗauko na naɗe. Ki yi haƙuri ban nemi izini ba."

Umma ta kamo hannuwan nan biyu, ta yaye mayafin, ta ga yatsun. Sai kuka, a tsakiyar shago, gaban mai shago da masu sayen fanka.

"Da waɗannan hannuwan? Da waɗannan kika yi min? Wayyo ni! 'Yata, ki yafe min, na zalunce ki!"

"Umma, don Allah ki daina, ba komai..."

Yaya ma ta goge ido da bakin gyale. "Gim... Amarya, bakina ne, ki yafe."

Sauran kwanakin hutun suka wuce kamar ƙiftawar ido. Gaisuwar safe ta koma ta hantsi, kuma Umma ce ke takowa da kanta, ta zauna kan 'yar kujerar lungu tana kallon surukarta na share falo gaba ɗaya cikin minti goma da hannu ɗaya, tana ta salati. Jan injin kuwa Umma ta damƙa wa Yaya. "Ke mai ƙarfi, ga naki." Rana ɗaya Yaya ta ja shi, ta kwana biyu tana shafa man zafi a baya, ba ta ƙara furta kalmar lalaci ba.

Haka rayuwa take: wanda yake so da gaskiya ba abin da ya fi girma yake kawowa ba, tsayawa yake ya ga abin da hannun masoyinsa zai iya ɗauka. Mai haƙuri kuma, ko an daɗe ana yi masa mummunar fahimta, aikin hannunsa ne zai yi masa shaida.

Ranar tafiya Auta ya shimfiɗa akwati a kan gado yana jera kaya. Ƙafarsa ta fara ƙaiƙayin hanya kamar kullum, sai dai wannan karon kwantiragin wata shida ya sa wa hannu, ba shekara huɗu ba, lambar likitar kuma tana cikin wayarsa.

"In kin ɓoye min ko ciwon farce ne, Umma za ta kawo min ƙararki."

"Ai na ga alama, yanzu 'yar leƙen asirinka ce," ta ce tana dariya, ido ya cika da ƙwalla.

Umma ta ɗaga murya daga falo. "Auta, ka yi sauri mota na jira! 'Yata tana hannuna, kai dai ka dawo kan lokaci!"

Ya ja zif, ya sunkuya ya kama mariƙin akwatin. Sai ya ji laushi a tafin hannunsa, daidai inda ƙarfe ya yi masa kanta. Ya duba. Baƙar roba ce, an naɗe ta tsaf, da ɗan ƙullin nan a ƙasa.