Kwamfuta Cikin Bargo

Ranar da Firdausi ta fara shiga rumfar Misbahu mai gyaran kwamfuta a unguwar Briqueterie da ke Yaoundé, rungume take da wani abu naɗe cikin bargo. Har ya miƙe zai ba ta kujera, ya ɗauka jariri ne. Da ta warware sai ga tsohuwar kwamfuta ta ɗau zafi kamar an sauke ta daga murhu.

"Batirin ne," ta ce. "Da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kafin in ƙifta ido ta mutu."

"A ina kike ajiye ta?"

"Kan katifa, cikin bargo, saboda ƙura. Caja ma ba na cirewa, kada ta ji yunwa."

Ya yi dariya. "Malama, ai tattalinki ne zai kashe ta. Zafi shi ke cin batir."

Ita kam ba ta yi dariya ba. Kwamfutar ta yayanta ce, Njidda, wanda aka kashe a harin da aka kai ƙauyensu kusa da Mora. Bayan rasuwarsa Baba ya turo ta Yaoundé wurin Kawu Maliki. Hanya ba ta biyuwa, don haka sai ta kiran bidiyo take ganin mahaifinta, idan ya je gidan wani malamin makaranta ranar Juma'a. Asusun kiran na Njidda ne, lambar sirrinsa ta tafi da shi, a wannan kwamfutar kaɗai yake buɗe.

Misbahu ya zaga kasuwar Mokolo neman irin batirin, bai samu ba. Sai ya share ƙurar fankar, ya manna murafun kwalba a ƙarƙashinta don ta sha iska, ya koya wa Firdausi lallaɓa wanda ke ciki. Tun daga nan saƙonni suka fara shigowa ƙaramar wayarta.

"Mai bargo, ki cire caja kafin ya cika maƙil, kuma kada ki bari ya mutu murus. Ki rage hasken allo. Naki hasken ya wadatar."

"Sannu likita. Mara lafiyarka tana kan tebur, ta samu sauƙi. Ni ce dai yanzu ban san me ke damuna ba."

Ta sani sarai. Shi ma ya sani, shi ya sa ya tura manya wurin Kawu Maliki.

Amma da Baba ya ji cewa yaron ɗan Najeriya ne, sai ya rufe ido. A shekarun nan, can wajen Mora inda mahara ke tsallakowa daga iyaka, wannan sunan kaɗai ya isa a ɗaure wa mutum fuska. Kawu ya yi ta ba shi baki, da ƙyar ya ce zai kalli yaron sau ɗaya. Idan bai kwanta masa ba, maganar ta mutu.

Firdausi ta kasa cin abinci. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suna zama kan tabarma a falon Kawu, fanka ta tsaya cak. An ɗauke wuta.

Kiran ya shiga, fuskar Baba ta fito, ya rame. Kawu Maliki kuwa ba ya gaisuwar tsaye. Ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, har tsohuwar da ke maƙwabtaka bai bari ba. Firdausi idonta na kan alamar batir. Da a da ne, da tuni allon ya yi baƙi.

Lokacin da aka juya kwamfutar wajen Misbahu, alamar ta riga ta koma ja.

"Ka yi sauri," ta raɗa masa. "Ta kusa mutuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka."

Shi ya fi kowa sanin abin da ya rage. Sai ya gyara durƙuso, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya jama'ar gida? Yaya muka ji da haƙurin Njidda? Ban san shi ba, amma kayansa sun ratsa hannuna. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan, ya dawo muku da zaman lafiya."

Baba ya buɗe baki ke nan, allon ya ɗauke.

Firdausi ta shige ɗaki ta fashe da kuka. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, ga tsoro fal ranta. Ko kalma ɗaya ta aure bai furta ba. Saƙonsa ya shigo: "Ki yafe mini, sahibata. Ban iya neman 'yarsa ban yi masa gaisuwar ɗansa ba."

Ta kife wayar kan katifa.

Bayan la'asar Kawu ya kira ta, ya miƙa mata wayarsa. Baba ne ya sa malamin ya rubuto:

"Maliki, na ji abin da yarinya ta raɗa masa. Ya san abin zai mutu, amma bai yanke gaisuwa ba. Tun da aka binne Njidda ba na son jin komai daga tsallaken iyaka, yau na ji addu'a. Na ba shi. Kai ne waliyyi."

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Kawu, aka raba goro da alewa. A ɗakin amarya, kwamfutar na zaune kan tebur bisa murafun kwalbarta, bargon kuwa an ninke shi can ƙarshen gado. Ran nan batirin ya riƙe har Baba ya gama magana ta kiran bidiyo.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari," ya ce, yana share ido da hannun riga. "Misbahu, ɗana, ka riƙe min ita yadda ka riƙe kayan yayanta."